Teku Ba Tafki Ba Ne

Ɗan'uwa, ko kana shirin tafiya bida zuwa Kwatano, Lome ko Akara? Ko ɗanka yana can? Waɗannan garuruwa suna bakin teku. Ran hutu samari sukan je gaɓa, su kafa tanti, su kwana a kan rairayi. A wurare kamar Ada ta ƙasar Gana, inda kogin Volta ke shiga teku, ana ba da hayar ƙananan jiragen wasa. Akwai kayak, ɗan siririn kwalekwale na mutum ɗaya ko biyu, mai filafili baki biyu. Akwai kuma dogon allo da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili.

Wasan yana da daɗi, amma yana cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 suka mutu ta nutsewa a shekarar 2021. Ko ka iya iyo a tafkin garinku, teku wani abu ne dabam.

Abu uku da tafki ba ya yi

1. Teku yana cika yana janyewa, sau biyu a kwana guda. Busasshen wuri da la'asar yana iya zama cikin ruwa da tsakad dare.
2. Teku yana da hanyar jan ruwa. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan koma ta wata siririyar hanya da ƙarfi. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, don igiya ba ta fashewa a nan. Ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi.
3. Iskar hunturu tana busowa daga tudu zuwa teku. Tana iya tura allo ko kayak nesa da gaɓa kafin ka ankara.

Kafin ka shiga ruwa

Ka tambayi masuntan wurin inda ruwa ke ja. Ka sa rigar da ke hana nutsewa, ka ɗaure ta sosai. In mai haya ba shi da ita, kada ka hau. Kada ka shiga kai kaɗai, ko da dare, ko bayan shan giya ko ƙwaya. Yara kuwa, babba ya tsaya kusa da su inda hannunsa zai kai.

In jirgin ya kife, ka riƙe shi, don ba ya nutsewa da sauri kuma ana hangensa daga nesa. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga hannu, ka yi kira. In kana da ƙarfi, ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyar jan.

Wurin kwana

Ka kafa tanti sama da layin da teku ke zubar da ciyayi da tarkace. Ka kwana cikin sange, don sauro yana da yawa kusa da fadamun gaɓa. Ka zo da ruwan sha mai tsabta. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita guda. Shansa ƙara ƙishi yake yi. Ruwan kogi da tafki kuma yana iya ɗauke da tsargiya. In ka ga jini a fitsari bayan ka dawo, ka zo likita.

In wani yana nutsewa

Kada ka faɗa ruwa in ba a koya maka ceto ba. Sau da yawa mutum biyu ke mutuwa maimakon ɗaya. Ka yi kururuwa, ka jefa masa igiya ko jarka maras kome a rufe, ko ka miƙa masa doguwar sanda.

In an fito da shi, ka duba numfashinsa. In yana numfashi, ka kwantar da shi ta gefe, ka lulluɓe shi. In ba ya yi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki. Ɓata lokaci ne, ga shi ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin ƴan mintoci in ba iska. Ka kwantar da shi rigingine, ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau 5. Sannan ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, ka hura sau 2. Ka ci gaba da haka har ya yi numfashi ko taimako ya zo.

Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi likita a ranar. Ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo wahalar numfashi bayan awoyi.

Rigakafi ya fi magani. Ka karanta wa duk mai shirin tafiya wannan takarda, kafin ya hau mota.