Asuwaki da Shayi: Lafiyar Haƙori a Maiduguri

Ruɓewar haƙori tana farawa ne idan ƙwayoyin cutar baki suka sami sukari, suka mayar da shi ruwa mai tsami da ke cin fatar haƙorin. Shi ya sa shayi mai zaƙi da ake ta kurɓa a majalisun Maiduguri ya fi illa, domin bakin ba ya samun hutu. Asuwakin darbejiya, bishiyar da ta cika titunan birnin, yana kankare dauɗa idan an tauna kansa ya yi laushi. Buroshi da man goge baki mai fuloraid kuwa, a yi amfani da su sau 2 a rana, musamman kafin barci. Dasashin da ke zubar da jini sai likitan haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.