Daga Adjame zuwa Treichville: wa ke tuna ɗan rakiyar mai bincike?

Mako uku ke nan ina rufe shagona da ke bayan cocin Saint-Michel a Adjame tun kafin la'asar, ina raka wata ɗiyar maƙwabcina yawon tambayoyi. Tana digiri na biyu a jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody, bincikenta kuwa kan masu sayar da garba ne, wato aceke da soyayyen kifi, sana'ar da aka san mutanen Nijar da ita a Abijan har abincin ya ɗauki sunan Bahaushe. A nan aka haife ta. Faransanci a bakinta kamar ruwa, amma Hausarta ta cefane ce kawai.

Da farko ƙi na yi. Shekarun baya wani baƙo ya zo da irin wannan buƙata, na yi masa tafinta wata biyu, na shigar da shi gidajen da ko ƙofarsu ba zai gani ba. Da littafin ya fito wani ya nuna mini shi a waya. Ya gode wa malamansa, ya gode wa matarsa. Mu kuwa aka dunƙule mu a kalma ɗaya, wai mazauna unguwa.

"Kawu, ni ba haka zan yi ba," in ji ta. Na ce, "Ɗiyata, shi ma haka ya ce."

Labarin da ta ba ni a cikin gbaka ne ya sauko da ni. A shekarun 1950 Bafaranshe Jean Rouch yana nazarin ƴan ci-rani daga Nijar da ke sauka a Abijan. A nan ya haɗu da Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indochina yana dako a tashar jiragen ruwa, ya ɗauke shi aikin tattara bayanai. Daga wannan aiki fim ɗin "Moi, un noir" ya fito a 1958, an ɗauke shi a Treichville. Ba a naɗi sauti lokacin ɗauka ba. Daga baya ne Ganda ya zauna yana kallon hotunan yana faɗin abin da ke ransa, muryarsa ce ta riƙe fim ɗin. Da ya koma Yamai ya zama mai shirya fim da kansa, har "Le Wazzou polygame" ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ganda ya rasu a 1981, Rouch kuma a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Yau a Yamai akwai cibiyar al'adu mai sunan Ganda, har zuwa 2024 kuma akwai wata mai sunan Rouch.

Ba na cewa rabon ya zo daidai. Sunan Rouch ne a goshin fim ɗin, shi ya karɓi yabo a Paris. Sai dai ɗan dako bai ɓace ba, kuma ƙofar da aka buɗe masa ba a sake rufe ta ba.

Aikin namu ba tafinta ba ne kawai. Mai garba ba zai gaya wa baƙuwa mai riƙe da takarda nawa yake samu ba, don zai ɗauka ƴar haraji ce. Sai na zauna, na tambayi garinsu, a gano ashe ya san wani nawa a Madawa ko Tawa, sannan baki ya buɗe. Akwai tambayarta ɗaya kan bashin da ke tsakanin yaro da maigidansa, na ce ta cire, ba a yin ta gaban mutane. Ta cire, ta bar ta sai an keɓe.

Ita ma ta yi mini rana. Takardun zama na yarona da suka gagare ni karantawa, ita ta zauna ta warware su.

Jiya ta turo mini shafi na biyu na kundin. Sunana cikakke yana nan, da na masu garba huɗu da suka yarda a ambace su. Na biyar ya ce a bar shi, iyalinsa a gida sun ɗauka aikin ofis yake yi.