Rada da Ruwan Damina a Gaɓar Darwin

Na'urar rada ba ta auna ruwan sama kai tsaye. Tana harba igiyar rediyo cikin hadari, ta saurari ƙarfin abin da ya dawo, sannan a juya wannan ƙarfi zuwa milimita ta hanyar lissafi. Matsalar tana ga girman ɗigo. Idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, ruwan da ke cikinsa ya ninka sau 8, amma amsar da yake mayar wa rada ta ninka sau 64. Saboda haka 'yan manyan ɗigo kaɗan kan fi dubban ƙanana amo, ko da ƙananan sun fi su ruwa.

Birnin Darwin da ke gaɓar arewacin Ostireliya ya zama wurin gwajin wannan al'amari, domin daminarsa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, fuska biyu gare ta. A farkonta, da kuma duk lokacin da iskar teku ta lafa, zafin rana ne ke tayar da hadari a kan tudu. Gajimaren kan yi tsawo ƙwarai, da tsawa da walƙiya, ƙanƙara ta haɗu a samansa, ta narke a hanya ta sauko a matsayin manyan ɗigo. Irin wannan hadari ne mazauna yankin ke kira Hector, wanda ke tasowa kusan kullum da rana a kan tsibiran Tiwi. Amma idan iskar damina ta kaɗo daga teku ta yamma, sai a shiga kwanakin mamako irin na malka: tsawa ta ragu, ɗigo ya ƙanƙance, yawansa ya ƙaru.

Lissafi guda ba ya wadatar da fuskokin biyu. Wanda masana Marshall da Palmer suka kafa harsashinsa a 1948 daga ruwan Kanada ya samo asali. A wani ƙarfin amsa da wannan lissafi ke fassarawa da kusan milimita 12 a awa, wani lissafin, na masani Rosenfeld, wanda aka tsara domin ƙasashe masu zafi, yana ba da kusan 22. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma inda ta fi muni shi ne lokacin mamako, domin a nan ne rada ke rage yawan ruwan, alhali ƙasa ta riga ta ƙoshi, ambaliya na bakin ƙofa. A hadarin tsawa kuwa, kuskuren kan karkata zuwa ƙari.

Tsayin gajimare ma yana da hannu. Igiyar rada tana ƙara nisa da ƙasa yayin da take tafiya, saboda duniya a lanƙwashe take. Gajimaren teku sau da yawa gajere ne, yana zubar da ruwa bai kai inda ƙanƙara ke haɗuwa ba, wato wajen kilomita 5 a sama. Daga nesa sai igiyar ta bi ta kansa, ta ga kaɗan ko ma ta rasa shi. Da rani akasin haka ake gani: busasshiyar iska kan zauna bisa mai laima, ta lanƙwasa igiyar zuwa ƙasa, ta bugi raƙuman teku, allo ya nuna ruwa alhali gari garau.

Gyaran da ya fi tasiri shi ne rada mai harba igiya a kwance da a tsaye. Babban ɗigo yana bajewa kamar waina idan yana faɗowa, ƙarami kuwa a dunƙule yake saukowa, don haka bambancin amsoshin biyu na bayyana girman ɗigon. Irin wannan na'ura mai suna CPOL ta shafe damina da dama tana aiki kusa da Darwin, kuma yankin na cikin wuraren da aka riƙa tantance awon tauraron ɗan'adam na TRMM, wanda Amurka da Japan suka harba a 1997. Duk da haka, ma'aunin ruwa na ƙasa shi ne alƙali, kuma a kan teku, inda ruwan mamako ke fitowa, ba a cika samun wurin kafa shi ba.