Daga Taurari Zuwa Ƙasan Teku: Bahasi A Kan Mafarin Halitta

Mas'aloli biyu ne suka daɗe suna hana ma'abota tunani barci. Ta fari ita ce yaushe sararin samaniya da taurarinsa suka samu, kuma ta ƙaƙa. Ta biyu kuwa, a ina rai ya fara motsi a wannan duniya tamu. Magabata sun ɗauke su ilmi biyu ne da ba su haɗa hanya ba, ɗaya na malaman falaki, ɗaya na masu nazarin dabbobi da tsirrai, amma binciken shekaru ɗari da suka shige ya nuna cewa wanda ya kama ɗaya, in dai ya bi ta da haƙuri, la budda sai ta kai shi ga ɗaya, domin ruwan da ya cika teku, wanda a cikinsa aka sami mafi tsufan alamun rai, sinadaransa biyu ba a ƙasa aka ƙera su ba.

Bari mu faro daga sama. A wajen shekara ta 964 Miladiyya, wani malamin falaki na ƙasar Farisa, Abdurrahman as-Sufi, ya rubuta littafi a kan taurari tabbatattu, a ciki ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare a sashen sama na arewa, wanda mai kaifin ido kan iya hangowa a daren da babu farin wata. Tabon nan ya zauna a littattafai shekaru kusan 960 ba a san haƙiƙarsa ba, har sai da wata mata mai suna Henrietta Leavitt, da ke aikin auna hotunan taurari a Jami'ar Harvard ta Amurka, ta gano a 1912 cewa akwai wasu taurari masu haske yana ƙaruwa yana raguwa, waɗanda tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su kammala zagaye ɗaya yake nuna ainihin ƙarfin haskensu. Wanda kuwa ya san ainihin hasken fitila, ya kuma ga yadda ta dusashe a idonsa, to ya sami hanyar ƙiyasta nisanta. Da wannan ma'auni ne Edwin Hubble, yana aiki da babban madubin hangen nesa na Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tabbatar a 1924 cewa tabon as-Sufi wani gungun taurari ne mai zaman kansa, can waje da namu gungun. A lissafin yau, hasken da ke tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wanda minti 8 da 'yan kai ke isarsa ya zo mana daga rana, sai ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso daga can.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ban mamaki. A 1929 Hubble ya bayyana cewa gungayen taurari masu nisa suna ta ƙara nisa da mu, kuma gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin gudunsa. Shekara biyu kafin haka, wani limamin Kirista ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, wanda ya ƙware a lissafi, ya riga ya fitar da wannan hukunci daga ƙa'idojin Einstein, sai dai ya buga shi a wata mujalla da ba ta da masu karatu da yawa, saboda haka ba a kula ba. Ma'anar abin ita ce sararin da kansa ne yake buɗewa, kamar ƙullin fanke da aka barbaɗa wa riɗi aka bar shi ya tashi, kowace ƙwayar riɗi ta ga sauran suna nisantarta alhali ba wadda ta ɗaga daga inda take. Lemaître ya ce, in haka ne, duk wanda ya mai da lissafi baya zai tarar da lokacin da kome yake cure wuri ɗaya cikin matsi da zafi marar misaltuwa. Masana sun yi shekaru suna mujadala a kai, wasunsu, kamar Fred Hoyle na Ingila, suka dage cewa sararin samaniya ba shi da mafari faufau.

Hujjar da ta raba gardama ta zo ne daga mutanen da ba ita suke nema ba. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna gyaran wata babbar eriya a jihar New Jersey, sai suka riƙa jin wani ɗan shuu a na'urarsu, ko ina suka juya ta, dare da rana, rani da damina. Suka binciki wayoyi, suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a bakin eriyar, suka kankare kashinsu tas, shuu ɗin nan yana nan daram. Ashe ragowar ɗumin farkon halitta suke ji, hasken da ya kuɓuta sa'ad da sarari yake da shekara kamar 380,000, wanda ya huce har ya sauka wajen digiri 270 ƙasa da daskarewar ruwa. An ba su lambar Nobel a 1978, kuma daga auna wannan haske dalla-dalla ne jamhurin masana suka tsaya a kan cewa shekarun sararin samaniya sun kai biliyan 13.8.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin mai karatu Musulmi zai tuna da aya ta 30 a Suratul Anbiya'i, wadda ta haɗa zancen sammai da ƙasa da zancen ruwa da rayayyu wuri guda, kuma masu wa'azi da dama sukan jingina ta ga wannan bincike. Ni dai a ganina tafakkuri abu ne mai kyau, gaggawa kuwa ba ta da kyau. Lemaître da kansa, ko da yake limami ne, bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana kafa hujja da nazarinsa a kan mas'alar halitta, saboda ya san ilmin awo abu ne da ake gyara shi kullum, wanda ya ɗaura imaninsa a jikin lissafin bana yana iya wayar gari baɗi an sake lissafin. Awo yana faɗin yaushe da ta ƙaƙa. Dalilin samuwa da hikimarta kuwa bahasi ne na wani zaure.

To, ina teku ta shigo? A mintocin farko na samuwar sararin samaniya, sinadarai marasa nauyi ne kaɗai suka samu, galibi haidirojin da hiliyam. Sauran, irin su kabon da oksijin da baƙin ƙarfe, a cikin cikkunan taurari aka dafa su, tauraro ya ƙare wa'adinsa ya watsar da su, wani ya taso daga ƙurarsa. Ruwa kuwa haɗin haidirojin ne da oksijin, wato ɗaya daga farkon zamani, ɗaya daga taurarin da suka mutu tun ranarmu ba ta samu ba. Duniya ta dunƙule shekara biliyan 4.5 da suka wuce, kuma wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli da aka tono a yammacin Ostiraliya, masu shekara biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa kwance a bayanta. Yau teku ta rufe kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa, matsakaicin zurfinta kuwa ya kai mita 3,700.

Abin da zai ba mutum dariya shi ne, ɗan Adam ya riga ya auna nisan rana tun bai san abin da ke ƙasan ruwa ba. A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, bayan ya yi ta jan koma a tekun Girka, ya yanke hukunci cewa ƙasa da mita 550 babu wani mai rai, gama babu haske, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Ƙiyasi ne mai kama da hankali, aka kuwa karɓe shi, har ran da aka ɗago wata wayar tangaraho da ta lalace a ƙasan Bahar Rum a 1860, aka ga halittu manne a jikinta daga zurfin da ya ninka iyakar Forbes. Jirgin Challenger na Ingila ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, ya komo da halittu fiye da iri 4,000 da ba a taɓa sani ba. A Janairun 1960 kuma Jacques Piccard da Don Walsh suka nutsa kusan mita 11,000 a kwarin Mariana, wurin da ya fi ko'ina zurfi.

Amma ranar da ta sauya tunanin masana tana cikin watan Fabrairun 1977, kusa da tsibiran Galapagos a tekun Fasifik. Masu ilmin duwatsu ne suka shiga wani ɗan jirgin nutso mai cin mutum uku, sunansa Alvin, suka sauka mita 2,500 suna neman maɓuɓɓugan ruwan zafi da lissafi ya nuna musu akwai a inda ɓawon ƙasa yake tsagewa. Ba su tafi da masanin halittu ko ɗaya ba, tun da ba wanda ya zaci za a bukace shi. Da fitilar jirgin ta haska, sai ga fararen kumba manya-manya jibge a kan baƙin dutse, ga ƙaguwa farare suna kai da kawowa, ga wasu tsutsotsi tsaye cikin fararen bututu, kawunansu ja wur, wasu irinsu kan kai mita 2 a tsayi. Da aka buɗe ruwan da suka ɗebo, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin bincike, alamar iskar kibiritu ke nan. Maganin adana gawar dabba kuwa da ya ƙare musu, sai da suka koma zuba abin da suka kamo a cikin barasar Rasha da suka saya a Panama. Bayan shekara biyu aka gano wasu maɓuɓɓugan a gefen Meziko, masu fitar da baƙin ruwa mai zafin digiri 350, wanda nauyin tekun da ke kansa ya hana shi tafasa.

Tsutsar nan ba ta da baki, ba ta da hanji, to da me take rayuwa? Wata ɗaliba a Harvard, Colleen Cavanaugh, ita ce ta kawo jawabi a 1981: cikinta cike yake da ƙwayoyin bakteriya, jan kan nan yana zuƙo musu iskar kibiritu da oksijin daga ruwa, su kuma suna sarrafa su su haɗa abinci, su ci, su ciyar da mai masaukinsu. Kafin wannan, abin da ake karantarwa shi ne duk abinci daga hasken rana yake farawa, ta hanyar ganye. Gaskiya ne tsutsar ba ta yanke hulɗa da rana ɗungum ba, domin oksijin ɗin da take shaƙa daga sama ya gangaro, amma a irin waɗannan wurare akwai ƙwayoyin da ko oksijin ba su bukata, haidirojin da ke fita daga dutse ya ishe su.

Daga nan ne wasu masana suka ce watakila a irin wannan wuri rai ya fara, musamman bayan an gano a shekara ta 2000, a tsakiyar Atilantika, wasu fararen hasumiyoyi na dutse, mafi tsawonsu mita 60, masu fitar da ruwa mai ɗumi kawai, jikinsu duk ƙananan ramuka inda sinadarai kan taru su cakuɗa. Wasu kuwa suka ƙi, suka ce ruwa mai yawa yana warware abin da aka ƙulla, sai dai kududdufai a kan tudu, waɗanda kan cika su bushe su sake cika. Su ma suna da abin kafa hujja, tun da a 1953 Stanley Miller ya nuna a Chicago cewa tartsatsin wuta cikin ruwa da iskoki kaɗan yana haifar da wasu tubalan da ake gina jikin mai rai da su. Saɓanin yana nan har yau, kuma babu ɗakin binciken da ya taɓa haɗa rayayyen abu daga marar rai. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne akwai duwatsu a Ostiraliya masu shekara kusan biliyan 3.5 da ƙwayoyin halitta suka gina a ruwa marar zurfi, kuma rai ya yi shekaru wajen biliyan 3 a ruwa kafin tsiro ya kafu a tudu. Har gobe, kimanin rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku yake fitowa.

Kada mutumin Sakkwato ya ce wannan zancen mutanen gaɓa ne. Shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani reshen teku ya sha ratsa Sahara ya kwanta a kan ƙasar da yau take Sakkwato da Tawa, kuma farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina da Malbaza a ƙona a yi siminti, galibinsa ɓawon halittun wannan teku ne da suka mutu suka taru a ƙasa. Mai lura in ya tsinci gutsurensa yakan ga zanen kumba ko katantanwa a jiki, sarai. A yankin nan ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai jan ciki, wanda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Abu Raihan al-Biruni ya yi irin wannan istinbaɗi tun ƙarni na 11, da ya ga kumba cikin duwatsun da ake haƙowa a hamadar Larabawa, ya ce nan dā teku ce.

Yanzu kuma bahasin ya sake komawa sama, domin in dutse mai ɗumi da ruwan gishiri sun isa su riƙe rai ba tare da hasken rana ba, to akwai wasu tekunan da ya kamata a leƙa. A 2005 kumbon Cassini ya hango ruwa yana feshi daga tsagogin ƙanƙara a Enceladus, wani ƙaramin wata na duniyar Zuhal, daga baya ya ratsa ta cikin feshin ya sami gishiri da haidirojin, irin abin da maɓuɓɓugan ƙasan teku kan fitar. Europa, ɗaya daga watannin Mushtari, ita ma ana kyautata zaton tana da teku a ƙarƙashin ƙanƙararta wadda ruwanta ya fi na duniyarmu yawa. A watan Oktoban 2024 Amurka ta harba kumbon Europa Clipper domin ya auna kaurin ƙanƙarar da abin da ke cikin ruwan, kuma bisa jadawalin tafiyarsa, a 2030 zai isa.