Albasar Galmi: sunan da mai saye ya raɗa

A ƙarshen rani, idan zafi ya kai zafi, duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ko ya gangaro daga Garhanga ya nufi Keita da Tamaske, zai ga buhunan albasa jere a bakin hanya suna jiran kamyon. Kaɗan ce daga cikinta ta fito daga Galmi kanta. Amma da zarar ta isa Ankara, ko Abijan, ko Lome, suna guda take amsawa: albasar Galmi.

Manoma sukan ce albarkar ƙasar Adar da kwarin Tarka ce ta jawo wannan suna. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sauran rabin yana wurin mai saye, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Me ke damun falken da ya zo daga Gana? Ba tarihin fadama ya kawo shi ba. Tsoronsa ɗaya ne: ya biya kuɗin buhu, da dako, da mota, da duwan, ya kwana biyar ko fiye a hanya cikin rana, ya buɗe kaya ya tarar da ruɓa. Ita kuwa matar da ke saye a kasuwar can, so take ƴan ƙwayoyi kaɗan su ishe ta miya, saboda kuɗin cefane ba ya kai wa. Albasar nan mai ruwan shuni ta amsa musu duka biyu: tana da zafi da ƙamshi, ba ta cika ruwa ba, kuma idan ta ƙosa aka shanya ta sosai tana jure tafiya da ajiya. Babu wanda ya yi mata talla a rediyo. Bakin masu saye ne ya yi aikin.

Darajar sunan ta fito fili a shekarar 2009, lokacin da manoman Nijar suka yi ca a kan kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal, wanda ya nemi hukumar OAPI ta Yawunde ta ba shi haƙƙin irin da sunan Violet de Galmi. Kamfanin ya sake wa nasa suna, ya koma Violet de Damani. Sai bayan shekaru fiye da goma OAPI ta yi wa albasar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da ƙasarsa, tare da kilishin Nijar. Ma'aikatan Yamai sun yi murna, kuma sun cancanta.

To amma takarda ba ta hana ruɓa. Manomin da bashi ya matsa masa yakan tuge albasa ba ta ƙosa ba, ko ya cika mata taki da ruwa don ta yi ƙato. Wani dillalin yakan jera manya a bakin buhu, ya ɓoye ƙanana da masu rauni a ƙasa. Buhun kansa ba shi da awo tsayayye: ana ɗinka masa hula har ya zarce kilo 100, manomi na kukan an ƙware shi, falke na cewa da ita yake maida asarar hanya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 tafiya ta ƙara tsawo, kowane kwana kuwa albasa ce ke biyansa.

Akwai kuma watannin damina zuwa kaka. A lokacin ne abin da aka zuba a rudu yake raguwa, farashi ya hau, mai saye a Abijan ya nemi ta Galmi ya rasa. Ba ya fasa miya. Yakan juya ga albasar Holand da ke sauka a tashar jirgin ruwa, tsaf cikin buhun raga mai kilo 25, kowace ƙwaya kusan daidai da ƴar uwarta, ko da zafinta bai kai ba.