Yadda Mutanen Maya Suke Karɓar Sabuwar Shekara

Mutanen Maya su ne 'yan asalin Gwatemala da kudancin Meksiko da Beliz da yammacin Honduras. Kakanninsu ne suka gina manyan biranen dutse irin su Tikal da Chichen Itza, waɗanda masu yawon buɗe ido suke zuwa kallo. Saboda biranen sun zama kufai, mutane da yawa suna zaton jama'ar ma ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ƙidayar da aka yi a Gwatemala a 2018 ta nuna sun fi mutum miliyan 6, wato kusan kashi 42 cikin 100 na mutanen ƙasar, suna kuma magana da harsuna 22. Da yawansu ƙananan manoma ne masu shuka masara da wake a kan duwatsu. Masarar da muke tuwo da ita ma daga kudancin Meksiko ta fito tun asali.

Wanda yake so ya gane bikinsu na sabuwar shekara, sai ya fara da duban yadda suke ɗaukar kaya. Mutumin Maya yakan ɗora kaya a baya, ya rataya igiyar a goshinsa, ya kama hanya. Haka suke ganin lokaci. A wurinsu shekara kaya ce, akwai kuma mai ɗaukarta. In ya kai zango sai ya sauke, wani ya ɗauka. Abin da ake taruwa dominsa ke nan: a gode wa wanda ya sauke, a marabci wanda ya ɗauka.

Ƙidaya biyu masu tafiya tare

Suna da ƙidayar kwanaki iri biyu. Ta farko ta ibada ce, kwana 260, Mayan K'iche' suna kiranta Cholq'ij. Tana da sunayen rana 20 da lamba 1 zuwa 13. Kowace safiya suna ya matsa gaba, lamba ma ta matsa, kamar yadda ranakun mako suke tafiya tare da kwanan wata. Sai bayan kwana 260 suna ɗaya da lamba ɗaya suke sake haɗuwa. Dattawansu sukan ce wannan shi ne tsawon zaman ɗa a cikin uwa.

Ta biyu ta rana ce, kwana 365. Tana da wata 18, kowane wata kwana 20, jimla 360, sai kwana 5 da suka rage. Ba a ƙara mata kwana ɗaya bayan shekara 4 kamar yadda ake yi wa Fabrairu, saboda haka ranar farkonta tana ja da baya kaɗan kaɗan. A 'yan shekarun nan, a wurin K'iche', tana faɗowa a rabin ƙarshe na Fabrairu.

To, ga inda mai ɗaukar shekara yake fitowa. Ranar da sabuwar shekara ta kama, ana duba sunanta a ƙidayar ibada, wannan suna shi ne mai ɗaukar shekarar. In an raba 365 da 20, saura 5, don haka kowace shekara sunan yana tsallake gida 5, kuma suna 4 ne kaɗai cikin 20 za su iya samun wannan aiki. K'iche' suna ce musu Mam, wato kaka. Su ne Kej (barewa), E (hanya), No'j (tunani) da Iq' (iska). Kowane da halinsa. Ana ganin shekarar E mai natsuwa ce, mai kyau ga lafiya da ciniki, amma ta Iq' mai fushi ce, tana iya kawo ruwa da iska mai ɓarna ko kuwa ta hana ruwan gaba ɗaya. Ga manomin da abincinsa na shekara yake kan 'yar gona guda a gefen dutse, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai an yi shekara 52 kafin Mam ɗaya ya komo da lambar da ya zo da ita.

Kwana biyar na zaman ɗari-ɗari

Kwana 5 ɗin nan na ƙarshe ana kiransu Wayeb'. Tsohon mai ɗauka ya gaji, sabon bai kama ba tukuna, don haka ana ɗaukarsu kwanaki ne masu hatsari. Wani firist ɗan Sifen, Diego de Landa, wanda daga baya ya zama bishop na Yukatan, ya rubuta abin da ya gani wajen 1566. Ya ce a kwanakin nan mutane ba sa wanka, ba sa taje kai, ba sa yin aiki mai wuya, don gudun kada masifa ta same su. Da sabuwar shekara ta shiga sai su share gidaje, su sabunta akussa da kujeru da tabarmi, su kai tsofaffin juji a bayan gari, a kuma kunna sabuwar wuta.

Abin takaici, wannan Landa shi ne ya sa aka ƙone littattafan Maya a garin Mani a 1562, yana cewa na Shaiɗan ne. Yau littattafai 4 kaɗai aka sani da suka saura daga zamanin dā. Ɗaya yana ajiye a birnin Dresden na Jamus, a cikinsa kuma akwai shafi 4 da aka zana hidimar sabuwar shekara. Masu bin al'adar a yanzu sukan yi kwanakin Wayeb' da azumi, da share gida, da neman shiri da waɗanda suka saɓa da su.

Wutar hadaya

Mai jagorar hidima ana ce masa ajq'ij, wato mai riƙon kwanaki. Maza suna yi, mata ma suna yi. Yakan ɗaura jan ƙyalle a kai. Da farko yakan zana da'ira a ƙasa da sukari, ya raba ta gida 4. A kai yake jera dunƙulen ƙaro mai ƙanshi da suke kira pom, da tsinken itacen fayin mai saurin kama wuta, da zuma, riɗi, cakulan, taba da furanni. Sai kyandirori: ja a gabas, baƙi a yamma, fari a arewa, rawaya a kudu, kore da shuɗi a tsakiya domin ƙasa da sama.

In wuta ta kama, sai ya shiga kiran ranaku. Yakan ambaci kowane suna cikin 20 ɗin, ya ƙirga shi daga 1 zuwa 13, har kwana 260 su cika, ba a tsallake ko ɗaya. Hidimar takan ci sa'o'i. Jama'a suna kewaye, wanda aka kira ranar haihuwarsa sai ya matso ya jefa kyandir. Ana ambaton kakanni da suka rasu, ana roƙon ruwa da lafiya da amfanin gona. Mai jagora kuwa yana lura da harshen wutar, inda ya karkata da yadda yake juyi, don a wurinsu amsa ce.

Akwai wata rana kuma da ake yawan kira sabuwar shekarar Maya, wato Wajxaqib' B'atz', B'atz' na 8. Ita ta ƙidayar ibada ce, tana zagayowa kowane kwana 260. Kalmar b'atz' tana nufin biri, tana kuma nufin zare. Inda aka fi yin ta shi ne Momostenango, gari mai suna wajen saƙar barguna na ulu. A ranar ne ake tabbatar da sababbin masu riƙon kwanaki bayan watanni na koyo, a ba kowane 'yar jaka mai jajayen 'ya'yan itacen tz'ite' da yake ƙirga da su. Bagadan garin tarin katangar tukwane ne, tsara bayan tsara suna ƙarawa a kai.

Abin da ya ci musu

Riƙon wannan ƙidaya bai zo da sauƙi ba. Shekaru ɗaruruwa ana yin ta a ɓoye, a kan duwatsu da cikin koguna. Waɗansu sun haɗa ta da addinin Katolika. A Chichicastenango, alal misali, ana ƙona ƙaro a kan matakala 18 na majami'ar Santo Tomas, ana kuma cewa matakalan suna daidai da watanni 18. Waɗansu Kirista, Katolika da na sauran ikilisiyoyi, sun ƙi al'adar sam, har gardamar ta raba iyalai.

Yaƙin basasa na 1960 zuwa 1996 ya fi kome muni. Hukumar bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ce a 1999 an kashe ko an ɓatar da mutum wajen 200,000, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne. Yarjejeniyar 1995 a kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta amince da ibadarsu da wurarensu masu tsarki, shi ya sa yanzu ake kunna wutar a fili, har a tsakiyar tsofaffin biranen. Duk da haka wurare da yawa suna cikin gonakin masu kuɗi, shiga sai da izini. A watan Yuni 2020 kuma, a yankin Peten, waɗansu mutane suka ƙone wani dattijo mai maganin gargajiya da ransa bisa zargin maita.

Masana da suka gwada ƙidayar da ake yi a ƙauyukan K'iche' da Ixil da wadda aka sassaƙa a duwatsun kakanninsu fiye da shekara 1,000 da suka wuce sun tarar suna tafiya daidai. Ƙidayar kwana 260 ba ta yi kuskuren ko da kwana ɗaya ba, ko da yake tun bayan ƙona littattafan yawanci da ka aka riƙe ta, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri.