Idan Mai Ya Yi Wuya, Mi Gida Zai Yi?

Wani zai ce: "Ni ba ni da mota, ba ni da babur. Ina ruwana da tsadar isansi?" To, ɗan uwa, ka tsaya ka duba tuwon da ka ci jiya. Injin da ya niƙa hatsin, gazuwal yake sha. Gishiri da magi da aka sa a miya, mota ta kawo su kasuwa. Ruwan da aka dafa tuwon, wataƙila inji ne ya tura shi cikin tanki. Takin zamani da aka zuba a gona, kamar ure, daga iskar gas ake yin shi. Ko takalmin roba da ke ƙafarka, daga mai ya fito. Ashe mai yana shigowa gidanmu ta ƙofa da yawa, ko da ba mu taɓa sayen lita guda ba.

Shi mai ba kamar ruwan rijiya ba ne. Rijiya in an janye ta da marece, da safe ta kawo. Mai kuwa ya yi shekaru miliyoyi yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, abin da aka kwashe ba ya dawowa. Duniya tana shan wajen ganga miliyan 100 kowace rana, kowace ganga kuma lita 159 ce. Masana suna gardama a kan yaushe zai fara raguwa. Mu dai ba sai mun jira su gama ba, don mun riga mun gani: tun mai bai ƙare ba, yana iya fin ƙarfin talaka.

A 1973 ƙasashen Larabawa sun rage mai saboda yaƙi, kuɗinsa ya ninka wajen sau 4 a duniya, mu kuma a nan muna cikin fari. A 1984 Najeriya ta rufe iyaka ana tsakiyar yunwa, har mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Aka sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita a can ya kusa ninkawa sau 3. Ƴan ruwa-ruwa da ke jera kwalabe a bakin hanya, daga Gidan Rumji har Gazawa, sai kayansu ya daina araha. A watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulki a Yamai, Najeriya ta yanke mana wutar lantarki, ba ta maido ba sai Maris 2024. Mutanen Gazawa sun san wayar da ke tahowa daga Katsina, ta rabu a garinsu, sashe ya yi Maraɗi, sashe ya yi Damagaram.

Za a ce ai Nijar tana da nata mai. Gaskiya ne. Akwai rijiyoyin Agadem, akwai matatar SORAZ kusa da Damagaram da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20.000 a rana. Akwai kuma bututu mai kusan kilomita 2000 da ke kai ɗanyen mai bakin teku a Benin, an fara lodi a 2024. Duk da haka, a watan Maris 2025 an yi dogayen layuka a gidajen mai na ƙasarmu. Mi ya sa? Da man Najeriya ya yi tsada, masu sayen na kwalba suka koma gidan mai gaba ɗaya, abin da matata ke fitarwa bai ishe kowa ba.

Ba ina cewa a jefar da inji a koma zamanin kakanni ba. Matar da ta yi shekaru tana daka har hannu ya yi kanta, ba za ta gode wa mai wanga zance ba. Abin da nake cewa shi ne, duk aikin da mai ke yi mana, a bar masa hanya ta biyu a gida, kuma a shirya ta tun ana cikin sauƙi. Turmi da taɓarya da dutsen niƙa su zauna, yara mata da maza su iya aiki da su.

Mu fara da gona, don nan ne jiharmu ta riga wasu nisa. Dattawa suna tuna yadda gonakin Maraɗi suka zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, bai bar ko tsiro ba. Iska ta kan binne shuka da rairayi, a yi ta maimaita shuka. Mata suna tafiya nesa neman itace, in babu su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura da wani abu. Ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Wasu manoma dama sun san haka, suna barin gawo a gonakinsu. Daga nan dabarar ta bazu, aka kira ta sassaben zamani.

Yadda ake yi ba wuya. Lokacin sassabe, in ka zo kan kututturen sabara ko kalgo ko taramniya, kada ka sare duka. Ka zaɓi toho masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga 1 zuwa 5, ka cire sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsawonsu. Wuƙa ko gatari ya zama mai kaifi, a yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, tohon yana saurin girma fiye da dashe. Ba ban ruwa, ba sayen leda, ba motar da za ta kawo iri. Kowace shekara sai ka sare reshe guda don girki ko gini, ka bar sauran.

Ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya yi suna a kan wanga aiki, baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani. A ganina, abin koyi a Ɗan Saga ba yankan toho ba ne, kowa zai iya wannan. Abin koyi shi ne kwamitin tsaro da suka kafa, da maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka sa doka da tara ga mai saran itacen wani. Itacen da ka raina shekara 4, ɓarawo yana kwashe shi dare guda. In gari bai haɗa kai ba, mutum ɗaya zai gaji ya bari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Mi ya haɗa itace da mai? Abu uku ne a wuri guda: makamashi, taki, da abincin dabba. Ku ɗauki gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar kashi, su ci ɗiyansa. Duk wanda ya taɓa yanka hatsi a gindin gawo ya san zangarniyar wurin daban take. Wannan taki ba a ɗauko shi a jirgin ruwa ba.

Takin zamani kuwa, a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, kuɗinsa ya hau a duniya duka. Masu noman aya a Agye da Cadawa da Gazawa, da aya ke son taki, sun san yadda buhu ke cin riba. Ba a ce a daina saye ba. Amma akwai dabarar da masu binciken noma na INRAN da ICRISAT suka gwada: maimakon watsawa, a sa ɗan kaɗan, abin da yatsa 3 suka ɗauka, a kowane ramin shuka. Buhu guda sai ya kai nesa. Kuma a haɗa da na gida. A haƙa rami a bayan gida, a riƙa zuba kashin dabbobi da toka da sharar tsakar gida da ragowar kara, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, ana juyawa. Leda da batir kada su shiga. Wake a tsakanin hatsi shi ma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga harawa.

Takin nan sai an kai shi gona, shi ya kawo mu kan amalanke. Ni dai ban ga abin da ya fi amalanke da sa ko jaki amfani a ƙauye ba. Ita ke kai taki, ta kawo damma, ta ɗauko ruwa da tubali, ta kai kaya kasuwa. Ranar da kabu-kabu ya ce ba mai, ita ce za ta kai mai naƙuda likita. Sa yana cin harawa da dusa da ɗiyan gawo, ya ba da taki, bayan ƴan shekaru a saida shi da riba a sayi ƙarami. Babur kuwa tun ranar da aka saye shi kuɗinsa ke raguwa. Na san samari ba su son jin haka. Gidan da bai iya sayen amalanke shi kaɗai ba, gida 3 ko 4 su haɗa. Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa zubin ƴan daloli kowane mako yana zama akuya, akuya ta zama tunkiya. Sai dai a tuna taya da bututunta roba ne, daga nesa suke zuwa. A ajiye faci da famfo da taya guda ta gwanjo.

A madafa, murhun duwatsu 3 yana barin wuta ta watse. Murhun Albarka na laka, mace za ta iya gina shi da hannunta daidai tukunyarta, da yumɓu da kashin jaki ko ƙaiƙayi. Akwai kuma Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙera ke yi. Duka suna rage cin itace. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a kare murhu daga iska. Gas yana da daɗi ga mai hali, amma shi ma ɗan gidan mai ne, kuma mota ke kawo shi.

Fitila ba sai mun daɗe a kanta ba. Kalanzir ya riga ya bar yawancin gidaje. Ƙaramin faranti mai kama hasken rana yana ba da haske, ya caja waya, ya hutar da mu sayen batir kowace kasuwa. A riƙa goge masa ƙura, lokacin hunturu kullum.

Ruwa ya fi wuya, don ba aikin gida guda ba ne. Garin da injin gazuwal ke ba shi ruwa, kwamitin ruwa ya fara tara kuɗi don komawa hasken rana. Kafin nan, kada a bar tsohuwar rijiya ta cike. A yashe ta, a yi mata murfi, a ajiye guga da igiya. Masu lambu a fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri, da ke ban ruwan zogale da tumatir da inji, su yi lissafi: a ce inji yana shan lita 2 a rana, lita kuma dala 100, wato jikka guda kullum. Cikin wata 4 na rani jikka 120 ke nan. In lita ta ƙaru da dala 40, nawa ya zama? Ku yi shi a allo. Daga nan za ku ga ko famfon ƙafa ko na hasken rana zai biya kansa.

Saura rumbu. In mai ya yi tsada, abin da ke tahowa daga nesa shi ke fara tashi, shinkafa da taliya da man girki na jarka. Wanda ya saida hatsinsa duka da kaka, da damina zai saye shi da kuɗin mota a kai. A ƙidaya bakin da ke gida da tiyar da ake ci a rana, a ware na shekara kafin a kai komi kasuwa. A ware iri daban, na gida wanda ya san ƙasarmu. Bankin cimaka na ƙauye a riƙe shi da gaskiya, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ga amfanin karatun da muke yi. Ganyen zogale da kuka da yakuwa da kuɓewa a shanya su a inuwa. Wake kuma, akwai buhun PICS mai riɓi 3 da aka fara yaɗawa a ƙasarmu tun wajen 2007: leda 2 a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowane daban, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Shi ma leda ne, don haka a kiyaye shi daga ɓera da ƙaya ya yi shekaru. In bai samu ba, a shanya waken ya bushe ƙwarai, a gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, a zuba a tulu, a ƙara toka a sama, a liƙe baki da laka.